Tambayoyinku Kan Waya: Hotunan Yau da Kullum na Mazauna Ƙasashen Waje

Yawancin saƙonnin wannan karon daga 'yan'uwanmu ne mazauna ƙasashen waje, ɗalibai da ma'aikata da matan aure. Babu wanda ya yi tambaya kan hoton wani dogon gini ko wurin yawon buɗe ido. Duk kan ƙananan hotuna ne: tagar ɗaki da sassafe, tashar motar da ake tsayawa kullum, yaro cikin rigar sanyi zai tafi makaranta. Na zaɓi biyar daga ciki.

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Wata huɗu ke nan da zuwana Kanada. Na yi wa mahaifiyata alkawarin tura mata hoto ɗaya kullum don hankalinta ya kwanta. Dusar ƙanƙarar da nake gani fara fat, a hoto sai ta fito toka-toka, wani lokaci har da shuɗi-shuɗi. Sannan idan na fita waje wayar kan mutu alhali cajinta na kashi 40. Ko ta lalace ne?

Amsa: Wa alaikumus salam 'yar'uwa. Allah ya yi miki albarka kan wannan alkawari, ya ba ki ikon cika shi. Wayarki lafiyarta ƙalau.

Kyamara ba ta san dusar ƙanƙara ba. Hasken da ke gabanta kawai take aunawa, kuma an gina ta ne a kan zaton cewa duk abin da aka nuna mata, idan aka haɗa farinsa da baƙinsa, zai tsaya tsaka-tsaki. To idan fari ya mamaye wurin, sai ta zaci haske ya yi yawa, ta rage shi, farin ya koma ruwan toka. Kafin ki ɗauka, ki taɓa fuskar wayar a kan abin da kike so ya fito. Wata 'yar alamar rana za ta bayyana, sai ki ja ta zuwa wajen ƙarin haske a hankali. Ki sa ido kan sawun takalman da ke cikin dusar: idan suka fara ɓacewa, komai ya zama fari sal babu shaci, kin wuce gona da iri, ki dawo baya kaɗan. Shuɗin kuwa daga inuwa yake zuwa, domin dusar da rana ba ta taɓa kai tsaye hasken sararin sama take ɗauka. Ana rage shi da ma'aunin ɗumin launi a wajen gyaran hoto. Ni dai da zan ba ki shawara, ki bar mata kaɗan, shi ne zai sa Hajiya ta ji sanyin garin tun daga hoton.

Batirin waya na litiyam ne, kuma sanyi na rage saurin aikin sinadaran da ke cikinsa. Cajin na nan, amma batirin ya kasa fitar da shi da ƙarfin da wayar ke buƙata, sai ta kashe kanta. Kamfanin Apple ya ce a yi amfani da iPhone tsakanin digiri 0 zuwa 35 a ma'aunin Salsiyas, sanyin Kanada kuwa yakan yi ƙasa da haka nesa. Ki riƙa ajiye ta a aljihun ciki, jikin ƙirjinki, ki ciro ki ɗauka ki mayar. Idan kin shigo gida kada ki jona ta a caji nan take, domin cajin batirin da ya yi sanyi ƙarara na lalata shi. Ki bar ta cikin aljihun rigar ta yi ɗumi a hankali, hakan zai kuma hana gilashin kyamarar yin gumi daga ciki.

Tambaya: Malam, ina aiki a Jamus. Hotunan da nake tura wa iyalina ta WhatsApp suna da kyau a wayata, amma da ƙanena ya kai aka wanke ɗaya babba don a rataye a falo, sai ya fito dishi-dishi.

Amsa: Ɗan'uwa, WhatsApp na matse hoto kafin ya tura shi, don ya tafi da sauri ya kuma rage cin data. Hoton da ya kai megabait 3 ko 4 a wayarka yakan isa hannun ƙanenka bai kai megabait 1 ba. A ƙaramar fuskar waya ba za a gane ba, sai an buɗa shi a takarda asirin ke tonuwa. Tun watan Agusta na 2023 aka ƙara alamar HD a saman hoto lokacin turawa. Ta fi, amma ita ma akwai matsi a ciki. Idan na wankewa ne, ka tura shi a matsayin fayil, wato ta wurin da ake tura takardu. Nan zai tafi yadda kyamara ta ɗauke shi.

Sai dai a nan ina so ka tsaya ka saurare ni da kyau. Kowane hoto na ɗauke da ɓoyayyen bayani da ake kira EXIF: ranar ɗauka, lokaci, samfurin waya, da kuma wurin da aka tsaya, idan ka ba kyamara izinin sanin wuri. Gwada da kanka yanzu. Buɗe hoton da ka ɗauka a tagar ɗakinka, ka ja shi sama ko ka taɓa alamar bayani. Za ka ga ƙaramar taswira, da ɗigo zaune a kan ginin da kake kwana. Idan ka tura hoto ta hanyar da aka saba, WhatsApp na goge wannan bayani. Idan ka tura a matsayin fayil, da shi yake tafiya. Ga mahaifiya ko ƙane babu damuwa. Amma hoto ba ya tsayawa inda aka aika shi, daga wannan waya sai waccan, daga nan sai zauren da ba ka san rabin mutanen ciki ba.

Ban ce ka kashe sanin wurin gaba ɗaya ba, kuma a nan na saɓa wa masu ba da wannan shawara. Nan da shekara goma, taswirar hotunanka ita za ta tuna maka sunan layin da ka fara zama da gidan burodin da ke kusurwa, bayan kai ka manta. Ka bar shi a kunne don kanka, ka cire lokacin rabawa. A iPhone, idan ka danna alamar turawa, akwai zaɓi a can sama da ke kashe wurin ga wannan hoton kaɗai. A Android, manhajar hotuna ta wayoyi da yawa na da irin wannan zaɓi, idan kuma taka ba ta da shi, to ka ware turawa a matsayin fayil ga na jikinka kawai.

Akwai kuma abin da ido ke gani a fili: lambar gida, ambulan mai adireshi a kan tebur, katin izinin zama. Mafi yawan wanda nake gani shi ne tikitin shiga jirgi da ake ɗorawa don murnar tafiya. Waɗancan zane-zanen da na'ura ke karantawa suna ɗauke da sunanka da lambar ajiye kujerarka, kuma da waɗannan biyun ana iya shiga bayanan tafiyarka a shafin kamfanin jirgi da dama.

Tambaya: Ni ɗalibi ne a Malesiya, saura wata shida in gama. Wayata ta cika, Google ma na cewa ma'ajiyata ta cika. Ina tunanin in goge hotunan banza, irin na ɗakin girki da hanya da bas, in bar na bukukuwa da na yawo.

Amsa: Don Allah ɗan'uwa ka dakata da wannan gogewa. Hoton tagwayen benayen Petronas ko yau ka nema za ka samu dubbai a intanet, waɗanda suka fi naka kyau. Hoton tukunyarka ta farko a kan murhun ɗakin kwanan ɗalibai, da takalman abokanka jere a bakin ƙofa, da lemar da ka shanya bayan ruwan yamma, kai kaɗai ke da su a duniya. Waɗanda ka kira na banza su ne ba su da madadi.

Kuma ba su ne suka cika maka waya ba. Hoto ɗaya kullum, a kan megabait 3, bai fi gigabait 1 da 'yan kai ba a shekara. Bidiyo ne ke cinye wuri: minti ɗaya na bidiyo mai inganci sosai, wato 4K, a iPhone kan ci daga megabait 170 zuwa 400, gwargwadon saitin da aka zaɓa. Ka fara da bidiyoyin da aka turo maka a zaurukan WhatsApp, da hotunan fuskar waya da ka ɗauka ka manta, da hoto guda da ka maimaita sau takwas.

Google na ba kowane asusu gigabait 15 kyauta, kuma Gmail da Drive da Google Photos duk a ciki suke rabawa. A da yana karɓar hotuna ba iyaka, amma ya daina tun 1 ga Yuni 2021. Apple kuwa gigabait 5 yake bayarwa a iCloud, ma'ajiyarsa ta intanet. Abin da ke jefa mutane cikin nadama shi ne zaton cewa idan hoto ya hau can, to ana iya goge shi a waya. Idan ka goge a cikin Google Photos, ko a iPhone mai iCloud a kunne, ya tafi a duka biyun. Google Photos na da maɓalli na musamman na samar da wuri a waya, wanda ke cire kwafin wayar kaɗai ya bar na intanet, da shi za ka yi amfani. In an yi kuskure, kwandon sharar Google na riƙe hoton da aka riga aka ɗora har kwana 60, na iPhone kwana 30.

Tunda ka kusa gamawa, ga abu biyu da suka fi cikar waya haɗari. Idan da imel ɗin jami'a kake ajiya, ka kwashe komai tun yanzu, domin jami'o'i da yawa na rufe asusun ɗalibi bayan ya kammala. Na biyu, layin wayarka na can. Idan da shi ake turo maka lambar tabbatarwa, ranar da layin ya mutu kana iya rasa hanyar shiga asusunka. Kafin ka hau jirgi ka sauya lambar, ka kuma fitar da lambobin ko-ta-kwana da Google ke bayarwa ka rubuta su a takarda. Sannan ka sayi ma'ajiyar waje ta hannu, ka zuba kwafin komai ta kwamfuta, ka sa ta a jakar da za ka riƙe a hannu.

Tambaya: Ina zaune a Dubai. Ina son ɗaukar kasuwa da mutanen da ke kai-kawo. Akwai laifi?

Amsa: Akwai, Alhaji, kuma ba ƙarami ba. A Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa ɗaukar hoton mutum ko yaɗa shi ba da izininsa ba laifi ne a dokar laifukan intanet ta 2021, hukuncinsa ya haɗa da tara mai nauyi da ɗauri. Ka ɗauki kaya da rumfuna da fitilu, idan kuma fuskar mai shago kake so, ka tambaye shi. Ga 'yan'uwa na Turai: a Jamus akwai doka tun 1907 da ta hana yaɗa hoton mutum sai da yardarsa, ban da 'yan wurare kamar wanda ya faɗo cikin hoton fili ko babban taro. 'Ya'yan mutane kuwa, ko a wace ƙasa ce, ku kauce musu, har a filin wasan da naku ke ciki.

Tambaya: Malam, a nan Landan kafin in tashi daga aiki duhu ya yi. Hotunana duk sai su fito da ɗigo-ɗigo kamar an watsa yashi.

Amsa: Haka ne 'yar'uwa, a tsakiyar Disamba hasken rana a Landan bai cika awa 8 ba, kafin ƙarfe 4 ta faɗi. Yashin da kike gani alama ce ta kyamara na ƙoƙarin ƙara hasken da babu shi. Ki fara goge gilashin da gefen mayafinki, domin maiƙon yatsa ne ke sa fitilun titi su yi jela. Ki kunna tsarin dare, wanda Google ya kawo a wayoyin Pixel a 2018, Apple kuma a iPhone 11 a 2019, yanzu kusan kowace sabuwar waya na da irinsa. Hotuna da yawa yake ɗauka cikin 'yan daƙiƙoƙi ya haɗe su, don haka sai kin tsaya cak. Ki jingina wayar da ƙarfen tashar bas ko jikin bango, ki riƙe numfashi har ya gama. Ki bar filasha a kashe, kuma kada ki janyo hoto da yatsu, ki matsa kusa da ƙafarki.

Idan kina samun hutun 'yan mintuna da yamma, ki leƙa waje kamar minti 20 bayan faɗuwar rana. Lokacin sama na da sauran shuɗi, an riga an kunna fitilun shaguna, idan kuma an yi yayyafi kwalta na maido da haskensu. Wayar da ta gaza da ƙarfe 6 za ta ba ki hoto tas da ƙarfe 4 da kwata.