Amsa ga 'yar'uwar da aka ce ƙodar mijinta ta kai mataki na 3

Assalamu alaikum 'yar'uwa. Tun bayan asuba na ga tambayarki, amma ban iya amsawa ba sai da yara suka tafi makaranta, don jikina ya yi sanyi. Kin ce maigidanki ya shekara shida da hawan jini, an yi gwaji eGFR ɗinsa, wato ma'aunin ƙarfin aikin ƙoda, ya nuna 42, likita ya ce mataki na 3 ne, shi kuwa ya ce ƙalau yake jin kansa, danginsa kuma sun matsa a kai shi wurin mai jiƙon da ke "wanke ƙoda" cikin kwana 21. Kina tambaya ko ki bari a gwada. Wallahi kamar a ɗakina kika zauna kika rubuta. Kar ki yarda. Ko za su shekara ba sa gaishe ki, kar ki yarda.

Namu 48 ne ranar da aka fara gaya mana. Baban yara direba ne, Kano zuwa Nguru da Gashuwa yake yi, kuma kowa a nan ya san yadda ciwon ƙoda ya addabi mutanen wannan yanki. Sau nawa ya ɗauko marasa lafiyar a motarsa, ya dawo yana ba ni labari yana girgiza kai. Ciwon baya ne ya fara kai shi wurin wani mai kyamis a bakin tasha. Kullum in zai tashi sai an ƙulla masa haɗi a leda, ƙwaya huɗu ko biyar, babu kwali babu suna. Sai daga baya da na kai wa likita ragowar aka ce akwai diclofenac da piroxicam a ciki, magunguna biyu masu aiki iri ɗaya, kuma duka suna rage jinin da ke shiga ƙoda. Shekara huɗu yana sha. Abin da ke ci mini rai har yau, mutumin nan shi ne yake gwada masa jini da hannunsa. Ya ga 170, ya ga 180, ya ajiye na'urar ya juya ya ƙulla masa haɗin. Na je na same shi bayan abin ya faru, ya dube ni ya ce, "Hajiya, ni abin da aka tambaya nake bayarwa." Na bar shi da Allah, amma har yanzu in na bi ta wajen sai ƙirjina ya buga.

Da aka ce 48 ɗin nan, likita ya rubuta maganin hawan jini lisinopril, ya ce a daina haɗi, a rage gishiri, a dawo bayan wata uku. Ba mu koma ba. Yayansa ya zo da jarka biyu na jiƙo, mai maganin kuma ya aiko da sharaɗi cewa ba a haɗa nasa da na asibiti. Na yi magana sau ɗaya, aka ce ni 'yar boko ce, ina raina maganin iyaye da kakanni. Na yi shiru don a zauna lafiya. Shirun nan ne nake kuka da shi, 'yar'uwa. Jiƙon yana sa shi fitsari da yawa, kowa yana murna wai dattin ne ke fita. Kumfa ta cika fo, ita ma aka ce datti ne, alhali furotin ne ke tsiyaya daga jikinsa.

Shekara biyu ba ta cika ba. Wani dare cikin hunturu, wajen ƙarfe biyu, na farka na gan shi zaune a bakin gado ya dafe gwiwa, ya kasa kwanciya, numfashinsa kamar wanda ake dannawa cikin ruwa. Dama kwana uku yana amai da shaƙuwa, ƙafafu sun kumbura har takalmi ya daina shiga, bakinsa yana warin fitsari. Na fita ba mayafi na dinga bugun ƙofar maƙwabcinmu mai Adaidaita Sahu. A hanya kansa yana kafaɗata, yana ce mini in riƙe yara, ina ce masa ya yi shiru. Babbar 'yata ta biyo mu da silifas ƙafa ɗaya. A asibiti hawan jini ya nuna 220 bisa 130, aka ce ruwa ya taru a huhu, jinin jikinsa ya ƙaranta sosai sai an ƙara, wankin ƙoda da inji kuma yanzu-yanzu. Naira dubu shida ce a jakata. Na kira yayan nasa har sau bakwai. Da ya ɗauka, ya ce shi dama ya faɗa sammu ne, asibiti ba za su iya ba, a dawo da shi gida. Ban san lokacin da na zauna a ƙasa ba. Gari na wayewa ƙanwata ta kai 'yan kunnena kasuwa, bayan mako ɗaya keken ɗinkina ya bi su. Mai jiƙon kuwa wayarsa ba ta sake shiga ba.

Yanzu wanki muke yi. Ƙa'ida sau uku ne a mako, awa huɗu kowane zama, mu sau biyu muke iyawa, wani makon ɗaya. Ga allurar ƙarin jini, ga kuɗin mota. Mutumin da ke shanye gora guda a zama ɗaya yanzu da ƙaramin kofi nake auna masa ruwa.

Shi ya sa 42 ɗinki ta tsaya mini a rai. Mataki na 3 daga 30 ne zuwa 59, sai an sauka ƙasa da 15 ake shiga na ƙarshe. Abin da ya lalace ba ya dawowa, gaskiya ce, duk wanda ya ce miki zai dawo da shi a kwalba kuɗinki yake so. Amma ana riƙe ragowar shekaru da yawa. A layin likitan ƙoda na saba da wata baiwar Allah da ta kusa shekara goma a mataki na 3, maganinta kawai take sha, ba ta taɓa hawa inji ba. Cewa ba ya jin ciwo kuma kar ya ruɗe ku, haka ƙoda take, ba ta nuna ciwo sai aiki ya ɓaci.

Ki nemi a tura ku wurin likitan ƙoda takanas, ki buɗe littafi ki dinga rubuta creatinine, wato dattin da ƙoda ke tacewa daga jini, da eGFR da kwanan wata. Ki sayi na'urar awon jini ta gida ko da bashi ne, likitanmu ƙasa da 130 bisa 80 yake so ya gani. In lisinopril ya sa shi busasshen tari kar ya ajiye a ɓoye, maza suna yin haka, ku koma a canza masa, akwai losartan. A duba suga ma. Ki binciki aljihunsa da motarsa ko shagonsa, ibuprofen, diclofenac, haɗi, da 'yan kwalaben maganin maza da ake tallatawa da lasifika, duk ki kwashe. Ciwon jiki sai dai paracetamol yadda aka rubuta.

Gishiri kuma, ƙaramin cokalin shayi ɗaya ne na yini gaba ɗaya, giram 5, kuma dunƙule gishiri ne, kanwa ma haka, yajin tsire da kilishi haka. Ni tukunya ɗaya na mayar wa gidan duka, na ƙara daddawa da citta da tafarnuwa. Yara sun yi ƙorafi mako biyu suka saba. Amma kar ki bi masu cewa a hana shi ayaba da dabino da nama tun yanzu, wannan sai gwajin sinadarin potassium na jini ya nuna, likita ya faɗa. Na ga wadda ta hana mijinta komai har ya rame ya koma kamar kara. Maganar azumi ma ku tambaya tun Sha'aban.

Ke kanki yaushe rabonki da gwada jini? Mu masu jinya mu ne ba ma duba kanmu. Ni sai da wata nas ta kama hannuna da ƙarfi aka gano nawa ya hau. Gwajin fitsari ba tsada, kuma ranar ƙoda ta duniya, Alhamis ta biyu a watan Maris, asibitoci da yawa suna yi kyauta. In kina shafa man bilicin ki daina, wasu akwai sinadarin makuri a ciki mai cin ƙoda. Ki yi haƙuri, na san ba shi kika tambaya ba.

Dangin miji kuwa, kar ki tsaya musu ke kaɗai kamar yadda na yi na sha kaye. Ki lallaɓi wanda ya fi faɗa a ji a cikinsu ya raka ku ranar ganin likita, ya ji da kunnensa. In da hali ku bi da shi ta ɗakin wanki ya leƙa. Addu'a da ruƙiyya a yi, ba su hana shan magani.

Mu yanzu dashen ƙoda muke fata. Asibitin Malam Aminu Kano suna yi tun 2002, ƙaninsa ya ce zai bayar in jini ya dace, kuɗin ne ba mu haɗa ko kwata ba. Ku sa mu a addu'a. Gobe Laraba muna wanki tun bakwai na safe, awa huɗu ina zaune a benci da waya a hannu. Ki turo mini hoton takardar gwajin da sunayen duk abin da yake sha ta akwatin saƙo, in na samu nas ɗin da muka saba zan nuna mata.