Allon soso mai tare zafi: wanne ya dace da gida?

Tambaya: Ina son sa allunan soso masu tauri a bango da ƙarƙashin kwanon gidana don rage zafi, amma na tarar iri uku ne: EPS (farin soso mai ƙwayoyi, irin na kunshin kaya) da XPS (danginsa mai santsi da ya fi matsewa) da PIR (soson da aka yi da wani sinadari daban). Wanne zan ɗauka, kuma gaskiya ne suna illa ga muhalli?

Amsa: Fara da duba inda za ka sa shi. PIR, mai rufin takardar alminiyom, ya fi sauran tare zafi: kaurin santimita 5 nasa na yin aikin kusan santimita 7 na XPS, ko 8 na EPS. Ya dace da ƙarƙashin kwano, sai dai a bar tazarar kamar santimita 2 a gaban alminiyom ɗin, in ba haka ba ba zai mayar da zafin ba. Kada a binne shi a ƙasa, yana shan ruwa. Ƙarƙashin daɓe da jikin harsashin gini aikin XPS ne ko EPS mai nauyi.

Batun muhalli kuwa, gaskiya ne. Dukkansu daga ɗanyen mai ake yin su, ba sa kuma ruɓewa. Amma babban bambancin yana ga iskar da ake hura su da ita. An daɗe ana hura XPS da iskar HFC-134a, wadda kilo ɗaya nata ke ɗumama duniya daidai da kilo 1,430 na kabon dayoksaid cikin shekara 100, kuma a hankali take sulalewa daga allon, ƙarfinsa na tare zafi na raguwa. Tun yarjejeniyar Kigali ta 2016, wadda ƙasashen duniya suka cimma don rage iskokin HFC, ake janye irinta, masana'antu da dama sun koma iskar HFO, wadda ba ta ɗumama duniya sosai. Saboda haka ka duba takardar kayan kafin ka biya. EPS da PIR galibi da iskar fenten ake hura su, illarta kaɗan ce. A ganinmu, idan wuri bai matse ba, EPS mai kauri ya fi.

Wajen kafawa ake yawan ɓata aiki. Gam mai tina yana narkar da EPS da XPS. Duk mahaɗa a liƙe ta da tef, don zafi ta nan yake kutsawa. Wayar lantarki mai rigar PVC a zura ta cikin bututu, domin idan ta daɗe manne da soson EPS ko XPS rigar na bushewa ta tsage. Gara ba ta cin sa, amma tana haƙa hanya a ciki.

Dukkansu suna cin wuta da hayaƙi mai guba, don haka ta cikin ɗaki a rufe su da allon jifsam mai kaurin milimita 12.5.