Rigimar Dazukan Amurka a Lokacin Hunturu

Tambaya: Malam, ɗana da ke karatu a Amurka ya ce ana rigima kan shiga dazukan gwamnati da hunturu. Mene ne musabbabinta? Daga wata uwa a Daura.

Amsa: Hajiya, masu zamiya a kan ƙanƙara suna hawa tsauni da ƙafa domin neman shiru, amma baburan ƙanƙara, wato babura masu inji da aka ƙera domin gudu a kan ƙanƙara, kan riga su isa, su tattake wurin, ga ƙara ga hayaƙi. Masu baburan kuwa cewa suke yi daji na kowa ne. Ina ganin masu ƙafar sun fi cutuwa. Bayan hukuncin wata kotun tarayya a jihar Idaho a 2013, hukumar gandun dajin ƙasar ta kafa ƙa'ida a 2015 cewa a shata wuraren da baburan za su riƙa bi.