Filin Makanikai: Baƙin mai ya cika mini tiyon iska

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina da Marsandi C200 Kompressor. Da aka kwance tiyon da ke zuwa intakula (na'urar da ke sanyaya iska kafin ta shiga injin) sai baƙin mai ya tsiyayo. Motar tana hayaƙi shuɗi, kuma ba ta ja kamar da idan na hau hanyar Bauchi. Yaya za a wanke? Daga mai karatu a Jekadafari, Gombe.

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Kafin wanki, a gano inda man yake fitowa, in ba haka ba wata guda ya isa ya dawo. Ɗan maiƙo a jikin tiyo ba komai ba ne, amma idan ka juye ya kai rabin kofin shayi, akwai matsala. Yawanci daga hanyar numfashin injin ne, wato ƙananan tiyoyin da ke kwashe tururin mai daga cikin injin su mayar da shi hanyar iska. A injin M271, wato irin na wannan motar, sukan tsage, bawul ɗinsu kuma ya toshe. Sai zuba mai fiye da kima: lita 5.5 yake sha, duba geji. Sai cinyewar ringin fistin. Ka kuma sansana man. Na sufacaja, wato na'urar da ke tura iska cikin injin da ƙarfi, warinsa daban ne, mai hawa kai. Idan shi ka ji, sil ɗinta ne ya mutu.

Cire kan batir na nagetif, sauke bamba, kwance tiyoyin biyu, ka toshe bakin sufacaja da na totur da tsumma mai tsabta. Ciro intakular, ka jingine ta ta tsiyaye. Zuba kananzir kamar rabin lita, toshe bakunan da leda da roba, girgiza sosai, juye. Maimaita har ya fito garau, yawanci sau 3. Bi da ruwan zafi da sabulun wanke kwanuka, ka ɗauraye.

Kada ka yarda a sa sodar wanki, tana cin alminiyom. Kada kuma a watsa wa intakular ruwan injin wankin mota kusa-kusa, siraran haƙoranta lanƙwashewa suke yi.

Wajen bushewa ne mutane suka fi yin ɓarna saboda gaggawa. Ruwa yana maƙalewa a cikin ƙananan hanyoyinta, kuma idan ya shiga silinda da yawa yana iya lanƙwasa sandar fistin, don ruwa ba ya matsuwa. Hura mata iska a wurin mai faci, ka shanya ta yini guda a rana, baki a ƙasa. Lokacin hunturu a rufe bakin da ƙyalle saboda ƙura. Tun tana hannu, toshe ta, ba ta iska kaɗan, ka shafa ruwan sabulu: inda ya yi kumfa nan take yoyo.

Ita sufacaja kada a ɗura mata kananzir ko fetur, zai wanke giris ɗin boris, ya ɓata rufin da ke jikin rotocinta, wato ƙarafan da ke juyawa a cikinta. Goge bakinta kawai. Na'urar auna iska kuma a fesa mata maganinta na musamman, ba a taɓa cikinta da yatsa ko buroshi.

Tiyon da ya yi laushi ko ya kumbura a canza shi, da filtar iska da filogi idan sun yi baƙi. Bayan kilomita 500 sake kwance tiyon ƙasa. Idan mai ya sake taruwa, a auna matsin silinda.