Ƙwari sun cinye mini wake a buhu, me zan yi?

Tambaya: Malam, na sayi buhun wake da kaka, mai kyau, babu huji ko ɗaya. Bayan wata biyu na buɗe sai ga ƙwari, ga gari a gindin buhun. Ta ina suka shiga? Maƙwabciyata ta ce in yayyafa Sniper, ya dace?

Amsa: Hajiya, tare da waken kika sayo su. Tun a gona macen ƙwaron ke fara zuba ƙwai. Ki ɗauki ƙwayar wake ki duba da kyau, za ki ga ɗigo-ɗigon fari manne a fatarta, ƙwan ke nan. Tsutsar na ƙyanƙyashewa sai ta huda ciki, ta ci ta girma a ɓoye, ta fito ta bar ɗan rami zagayayye. A zafi irin namu, mako 3 zuwa 4 ya isa sababbi su fito, su ma su zuba nasu ƙwan. Ƙwaron wake gajere ne, launin ƙasa-ƙasa. Mai dogon baki na masara da dawa ne, ja siriri kuma na garin fulawa.

Sniper kam, don girman Allah kada ki kusanto da shi abincin 'ya'yanki. Gubar dichlorvos ce a cikinsa, kuma wanke wake ba ya tabbatar da ta fita. Saboda ita Tarayyar Turai ta hana shigar da waken Najeriya a 2015.

Maganin da na yarda da shi shi ne hana su iska. Da farko ki tankaɗe waken, ki shimfiɗa baƙar leda a rana, ki baza shi, ki rufe da leda mai garai-garai, ki danne gefuna. Awa biyu zuwa uku da tsakar rana, zafin zai kashe har tsutsar da ke ciki. Idan ya huce, sai ki zuba a buhun PICS, wanda Jami'ar Purdue ta Amurka ta ƙirƙiro: leda biyu a ciki, buhu a waje, kowanne a ɗaure shi daban, tamau. Ƙwarin da suka rage za su shanye 'yar iskar da ke ciki su mutu. Busasshiyar jarka mai murfi ma tana yi, muddin kin cika ta har wuya. Abin da ke ɓata aikin shi ne yawan buɗewa, don haka ki ware na girkin wata guda daban. Kuma sai waken ya bushe ƙayau, in ba haka ba zai yi fumfuna.