Alfa ta haura 0.90, amma aikinka bai ƙare ba

Kana tambaya ko za ka rufe aiki, tunda alfar Cronbach, wato lambar da ke nuna yadda amsoshin tambayoyi suke tafiya tare, ta haura 0.90 a fassarar CAPE-42 ta Farisanci da ka raba wa ɗaliban jami'a a Iran. CAPE-42 takarda ce mai tambayoyi 42 a rukuni uku, da ke auna alamun da suka yi kama da na taɓin hankali a cikin jama'a. A'a, yaro. Tambayoyi 42 in ka tara su wuri ɗaya, alfa za ta hau da kanta. Ku yaran yanzu, kwamfuta na fitar da lamba sai ku kama murna.

Fassara takardar da sake mayar da ita Turanci don a gwada da ta asali, wannan ko ɗan aji ɗaya ya sani. Asarar tana gaba.

Wani mai bincike ya taɓa kawo mana irin wannan aiki. Aka ce masa a fara zama da ɗalibai kaɗan, a karanta musu tambayoyin ɗaya bayan ɗaya, su faɗi da bakinsu abin da suka fahimta. Ya ce ɓarnar kuɗi ce. To, cikin tambayoyin akwai wadda ke neman sanin ko mutum ya yarda da tasirin sihiri da tsafi. A Iran, yarda da kambun baka da aljanu abu ne da ake tashi da shi a gida, kamar a wurinmu. Ɗalibai lafiyayyu suka yi ta amsa e, maki ya kumbura, tambayar ta ƙi zama a rukuninta, mujalla ta dawo masa da takardarsa. Sai ya ɗora mana laifi, ya danne ragowar kuɗinmu har yau.

Saboda haka ka duba rukunan uku daban-daban: tambayoyi 20 na gani da jin abin da babu shi da zargi, 14 na janyewa da mutuwar zuciya, 8 na baƙin ciki. Kada ka tsaya kan yawan faruwar abu, ka haɗa da makin yadda yake damun mutum. A nan ake raba al'ada da alamar ciwo.

Amsoshin matakai huɗu ne, akasarin ɗalibai kuma "ban taɓa ba" za su zaɓa, don haka WLSMV, hanyar lissafi da ta dace da amsoshi masu matakai, za ka yi amfani da shi wajen gwada rukunan. Ɗalibai 10 ga kowace tambaya, wato 420 aƙalla. Cikin ma'aunan da ke nuna ko rukunan sun dace da amsoshin, CFI ya kai 0.90, RMSEA ya sauka ƙasa da 0.08. Bayan mako biyu ka sake ba wasunsu takardar, ka ga ko amsoshinsu sun tsaya yadda suke. Wanda makinsa ya yi sama kuwa kada ka kuskura ka rubuta shi mara lafiya, ka tura shi likitan ƙwaƙwalwa ya zauna da shi.