Amsa: Mijina ɗan Nijar ne, yaranmu 'yan ina ne?

'Yar'uwa, kin ce maigidanki ɗan Nijar ne, ya shekara 18 yana kasuwancin dabbobi a Maigatari, kina tsoron kada yaranku su rasa ƙasa. Kwantar da hankalinki. Sashe na 25 na kundin tsarin mulkin 1999 ya ce duk wanda aka haifa a Najeriya, in uwa ko uba ɗan ƙasa ne, to shi ma ɗan ƙasa ne. Jininki ya wadatar musu.

Matsalar ita ce takarda. A ƙauyenmu na ga yaro ya gama firamare, uwarsa na riƙe da katin rigakafi da ya yage a ƙulle cikin leda, shi kaɗai ne shaidar haihuwarsa. Don Allah ki je ofishin Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa a ƙaramar hukumarku, ki yi wa kowannensu takardar haihuwa.

Shi kuwa maigida, auren 'yar Najeriya ba ya ba namiji zama ɗan ƙasa. Sashe na 27 zai bi: zaman shekara 15, halin kirki, gwamna ya shaida mutanen gari sun karɓe shi. A ma'aikatar harkokin cikin gida ake nema, shugaban ƙasa ke amincewa.